Ranar da Kaka Ta Tsaya Gaida Kogi

Konduga

Mun baro Konduga bayan sallar asuba, ni da Kaka Falmata, a bayan wata a-kori-kura mai ɗauke da albasa. Baba ne ya aike ni in taho da ita, domin da hantsi za a raɗa wa ƙanwata suna, kuma ya ce lallai a yi a gaban idonta.

Mairi

Gari ya waye mana a shingen 'yan sanda na Mairi. Ɗan sandan da ya leƙo mu, da igiyar waya ya ɗaure takalminsa. Kaka ta miƙa masa ƙosai, ya ɗaga mana sanda.

Gada

Gidanmu yana hayin kogi, kusa da masana'antar da Baba ke aiki, sai an bi gadar ƙarfe. Kaka kuwa 'yar masunta ce, ba ta ƙetare ruwa a zaune. Ta bubbuga jikin mota.

"Iya, ƙarfe ne fa, ba kwalekwale ba!" in ji direba. "Kina sauka zan wuce."

Fasinjoji suka kwashe da dariya. Ni da ko a aji sai malam ya ce in ɗaga murya, sai na ji bakina ya ce, "To, wuce mana. Sauka dai za mu yi."

Ya wuce. Kaka ta tuɓe takalmi, ni ma na tuɓe. Ƙarfen da sanyi, yana rawa duk sanda tirela ta hau. A tsakiya ta tsaya, ta duƙa, ta ce da ruwan da Barbarci, "Wushe, wushe," yadda ake gaida babba.

Ma'aikata masu kekuna suka taru a bayanmu suna kaɗa ƙararrawa.

"Ke yarinya, ja tsohuwarki gefe!"

"Ba ta gama ba," na ce. Na buɗe hannuwana na tare ta. Suka kewaye mu.

Gida

A ƙasa muka ƙarasa. An shafa fatiha, har an fara feɗe rago. Baba ya tare mu a zaure, fuska a murtuke.

"Ina kuka tsaya?"

"Gaisuwa, Baba." Ban sunkuyar da kai ba.

Ya dube ni, ya dubi ƙafafun mahaifiyarsa. Da kansa ya ɗauko buta ya durƙusa ya wanke mata su. Alhamdu lillahi da ya kawo mu lafiya.