Kifin Kaka da Ba a Auna Ba

Ɗazu na buɗe gwangwanin masara zan zuba a salak, ƙanshin ruwan nan mai zaƙi-zaƙi ya bugi hancina, kawai na tsinci kaina ina dariya ni kaɗai a kicin. Ku a wurinku masarar gwangwani abinci ce. Mu a gidanmu ta kifi ce, ko cokali ɗaya ka ɗiba sai Abba ya gane.

A Abu Hail, wata unguwa a Dubai, na tashi. Abba aikin kago yake a tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali, kwantena ta shigo kwantena ta fita. Amma da sanyi ya kama, Asabar ba tamu ba ce, ta kulob ce. Kulob ɗin masu fatsa ne, Turawa da Indiyawa da 'yan Filifin, shi kaɗai ne Bahaushe. Gasarsu suke yi a wata gona can cikin yashi, inda aka haƙa tafki aka zuba kifi, ka biya ka shiga. Kifin da suke nema kaf suke ce masa, wani jibgege mai manyan ɓawo da ɗan gashin baki. A ja ƙuri'a kowa ya san inda zai zauna, a busa usur a fara. In ka kamo babba sai ka kira mai sikeli ya auna, sannan ka mayar da shi ruwa da ransa. Wanda ya kashe kifi kuwa, khalas, shi ke nan, an kore shi.

Abba bai taɓa cin kofi ba. Abin da ke cin ransa kuma, shi ɗan masunta ne na Yauri, gidansu tun kakanni a jirgi suke. Kaka, mahaifinsa, in ya kira waya gaisuwarsa ɗaya ce: "Yaya ɗan kwantena?" Sauran 'ya'yansa masunta ne, shi ɗan kwantena. Abba ya yi dariya, amma ni ina ganin fuskarsa bayan ya ajiye wayar.

Ina 'yar shekara goma sha uku Kaka ya zo Dubai aikin ido. Idon na warkewa gasar rufe shekara ta zo, Abba ya ce yalla, a tashi, da shi za a je. Ni dama 'yar rakiya ce, ni ke watsa masa masara a ruwa. Umma ta ɗura mana shayi a fulas, muka fita da hazon safiya.

Tun a mota Kaka ya fara. Ya shinshina ƙwallayen abincin kifin nan masu ƙanshin alawa, ya kalle ni.

"Amarya, kifin garinku alawa yake sha? To ke me mijinki zai ba ki?"

"Wane mijin, mai ido ɗaya a rufe? Na fasa auren."

"Yanzu da ido ya buɗe ai ni zan fasa."

A bakin tafkin ya ga Abba ya shimfiɗa wata 'yar katifa ya jiƙa ta da ruwa. Ya tambaya ta wa ce. Na ce ta kifi ce, kada jikinsa ya kurje. Kaka ya tafa hannu ya yi salati. Ya ce shi ya haifi Abba a kan tabarma, ga kifi da katifa.

Rana ta ɗaga, ba labari. Ɗan Filifin ɗin da ke kusa da mu ya kamo biyu, yana ɗaga mana hannu. Kaka na kan kujera yana shan shayi yana cewa ruwan da bai da igiya ai baho ne. Abba kuwa sai goge zufa yake a cikin sanyi.

Can sandar ta lanƙwashe kamar za ta karye. Abba ya zabura. Zare na kuka, kifi na gudu tsakiyar ruwa, ni ina tsalle ina ihu. Ban san sanda Kaka ya ajiye kofin shayi ba, sai jin muryarsa na yi a bayan Abba.

"Kada ka ja! Bar shi ya gaji. Saki. Saki mana! Yauwa, yanzu."

Da ƙyar muka tallabo shi da homa muka kwantar a katifar. Wallahi ban taɓa ganin irinsa a tafkin nan ba, jikinsa kamar tagulla. Mutane suka fara leƙowa daga wurarensu. Wani ya ƙwala wa Abba kira, "Habibi, kofi naka ne!"

To ga inda abin yake. A gidansu Abba, babban kifin farko da ɗa ya kama a gaban ubansa, na uban ne. Abba bai ko yi tunani ba. Ya cire ƙugiyar, ya durƙusa ya ce, "Baba, ga kifinka."

Kaka ya kalle shi. Ya ce, "Na karɓa. Allah ya yi albarka."

Abba ya ruga kiran mai sikeli yana share ido. Juyowar da zan yi, Kaka ya zaro 'yar wuƙarsa ta yankan goro yana gwada kaifinta a babban yatsa.

"Amarya, kira uwarki ta jiƙa tsamiya."

Na faɗa kan kifin nan na rungume. Na ce Kaka ba a yankawa, mayarwa ake, in ya mutu za su kori Abba.

"Mayarwa? A ruwan?"

"Eh."

"To don me aka kama shi?"

Na ce dai a auna ne. Kaka ya kalli kifin yana buɗe baki yana rufewa, ya kalli Abba can nesa. Ya mayar da wuƙar aljihu.

"In ba ci za a yi ba, ai haƙƙi ne a bar bawan Allah yana haki. Nawa ne ko ba nawa ba?"

Na ce nasa ne. Ya naɗe hannun riga, ya sungumi kifin kamar jariri, ya yi bismillah ya zura shi a ruwa. Jela ɗaya ya kaɗa, ya tafi.

Sai ga Abba da mai sikeli, wani tsohon Bature, sun iso suna haki. Katifa ba komai sai ɓawo guda. Baturen ya ce kifin da bai hau sikeli ba, a wurinsu ba a kama shi ba. Abba ya kalli Kaka. Ina zai fara? Ɗan Filifin ne ya tafi da kofi.

Na ɗauka motar za ta yi tsit a hanyar gida. Ina! Kaka ya ce in kira masa Yauri. Aka ɗauka, ko gaisuwa bai gama ba ya ce, "Ku tara mutane. Masuncin nan nawa na Dubai ya kamo kifi ya kai ɗan akuya." Abba na tuƙi yana dariya, hawaye na bin gemunsa.

Lokacin korona aka rufe gonar, kulob ya watse, sandunan Abba suna saman wardrob sun yi ƙura. Ni yanzu kifina a leda yake zuwa, in taɓa waya a kawo. Amma kifin Kaka yana nan yana girma, tunda ba sikelin da zai ƙaryata shi. Da Kaka ya koma gida kifin ya zama tunkiya. Bara maraƙi. Jiya ya turo min saƙon murya, wai mutum huɗu suka ɗaga shi, kuma ni amaryarsa ce shaida.

Na ce masa biyar ne, Kaka, ka manta da ni.