Batiran da Baba Ya Gama da Su

Shekara shida ke nan da tirelar siminti ta buge yayana Habu a kan babur ɗinsa a hanyar Funtuwa, yana dawowa Ruwan Godiya inda yake koyarwa a firamare. Duk sa'ad da watan ya zagayo nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in kasa. Bana na zauna ne saboda wani abu nasa ya nemi kuɓuce mini.

Jita yake kaɗawa. Ya same ta wurin wani ɗan kudu cikin ma'aikatan hanya, wanda da zai tafi ya haɗa masa da rikoda da kaset guda marar rubutu a jiki. Kiɗan Turawa ne, wanda samarin birni ke kira rok, kuma waƙa ɗaya ce a ciki ta kama shi. Ba malami, ba littafi, sai kunne. Baba ya ce a gidanmu ba a taɓa yin maroƙi ba, amma bai hana shi ba. Sharaɗinsa kawai kada garayar Baturen nan ta shigo masa zaure. Sai Yaya ya koma gindin ɗorawar bayan gida, kullum bayan la'asar.

A gidanmu sabon batir na rediyon Baba ne. Yaya ke sayowa ranar kasuwa, ya durƙusa ya miƙa, sa'an nan ya karɓi waɗanda rediyon ya gama tsotsewa. Su yake jerawa a kan rufin kwano su sha rana kafin ya sa a rikoda. Ya saurari ɗan guntu, ya kashe, ya zare kaset ya mayar da shi baya da biro don tattalin batir, sa'an nan ya lalubi sautin a kan tsirkiya. Haka ya yi damina guda da kaka. Da tsirkiya ɗaya ta tsinke ya ɗaura wayar birkin keke. Yatsunsa suka yi kanta. Idan na zo hutu nakan zauna da littafina a inuwar, in ji gaɓa ɗaya sau talatin. Na taɓa tambayarsa me mawaƙin ke cewa. Ya ce ai ni ce mai Turanci, amma shi ko ba a fassara masa ba ya san mutumin nan mutuwa aka yi masa. Haka kuwa take fita a hannunsa, a hankali, da nauyi, kamar tafiyar wanda ya wuni yana noma.

Inna kuwa takan ɗauko faifanta ta zauna tsintar wake a jikin danga.

Bara a Zariya, inda nake karatu, na ratsa gaban wani shagon kaset mai wutar lantarki, samari na rawa a ƙofa. Sai da waƙar da aka sa ta yi rabi na gane ta Yaya ce. Gudu take yi, muryar siririya, mawaƙin har dariya yake. Ba wanda ya mutu masa. Budurwa yake kira ta fito su yi rawa. Na daɗe tsaye a rana kafin na fahimci abin da ya faru. Batiran Yaya ba su taɓa samun ƙarfin jan kaset yadda ya kamata ba. Gajiyarsu ya koya, har ya sassauta tsirkiyoyinsa don su yi daidai da ita.

Nakan tambayi kaina me zai ce da yana raye. Yanzu arzikin man fetur ya kai har ƙauyukanmu. Kowane mai tebur daga Ƙanƙara zuwa Sabuwa yana sayar da batir, kowane saurayi da ya bar gona ya tafi lebura yakan dawo da rikoda a kafaɗa. Da Yaya ya gane kurensa a yini ɗaya. Na san shi. Zai yi dariya har ya kwanta, ya tashi ya ɗaure tsirkiya tamau, ya fara daga farko. Ban sani ba ko da na yafe masa hakan.

Tun ranar nan, idan na fara rera tasa a raina sai ta ƙwace ta koma gudu. Ba wanda ya taɓa ɗaukarsa a kaset. Jitar na rataye a ɗakinsa, wayoyin sun yi tsatsa. Na gaji da kokawa da kunnena.

Da aka ba mu hutu na tafi gida da sabbin batura, na ciro kaset ɗin daga akwatinsa, na kunna wa Inna. Ina jin so nake kawai wani ya taya ni rashin. Ta saurara, hannunta tsaye a cikin wake.

"Su wa ke ɓata waƙar Habu haka?" ta ce. "Ba su iya ba. Mi ke korarsu?"

Na fara yi mata bayani cewa ai su ne masu ita.

"Kashe, Bilki."

Na kashe. Ta ci gaba da tsinta, sai na ji tana gunjin waƙar a maƙogwaro, tun daga farko, a hankali, da nauyin nan. A tsakiya ta ɗan yi shiru. Na tambaye ta ko ta manta ne. Ta ce a'a, nan yake tsayawa ya nemi wurin da yatsa.

Ɗalibansa sun girma, wasu ba su tuna fuskarsa. Babur ɗin ya tafi wurin 'yan gwangwan. Abin da ya rage kuskure ne da mutum ya yi wata bakwai yana yi da zuciya ɗaya, yana nan a bakin tsohuwar da ba ta san kalmar Turanci ko ɗaya ba. A wurinta nake koyo yanzu, guntu-guntu, da kunne. Allah Ya hutar da kai, Yaya, Ya sa ka iske wuri mai sanyi.

Batiran kuwa, na durƙusa na miƙa wa Baba.