Riskuwa da Lambatun Layin Tsamiya

A Argungu aka haifi Riskuwa, a gidan masunta da ke kusa da gulbi. Mahaifinta da yayyenta maza duk a ruwa suke neman abinci, amma ita ko kwale-kwale ba ta son shiga. Tana yarinya gulbi ya taɓa cika ya shigo musu gida, ya narkar da rumbu, ya tafi da awaki, ta ga mahaifiyarta tsaye cikin ruwa har ƙugu tana ɗaga tabarmi sama. Tun daga lokacin, da hadari ya haɗu a gabas sai tsoro ya kama ta.

Aure ne ya kawo ta Birnin Kebbi. Mijinta direban motar haya ne, ya sayi fili a ƙarshen Badariya lokacin da wurin duk gonakin gero ne, ya gina ɗaki biyu kusa da wata tsohuwar tsamiya. Daga itacen nan layin ya samu suna. Da ya rasu sai ya bar mata gidan da 'yarsu Nazifa. Riskuwa ta riƙe kanta da sana'ar gumi: takan sayo shanshera, wato shinkafar da ba a cire wa ƙaiƙayi ba, daga Zauro, ta jiƙa, ta turara a rabin duro, ta shanya a tamfol, sannan a kai inji. A jikin katangarta ta baya ta yi rumfar kwano, nan murhunta yake da itacenta da duronta.

Gari ya yi ta matsowa. Gonaki suka zama gidaje, gidaje suka haifi shaguna. Hanyar da ruwan sama ke bi ya gangara fadama, wadda a da jaki da kaya ke wucewa cikinta, ta tsuke har ta koma ɗan lambatu da leda da robobi suka toshe. Layin Tsamiya kuwa a kwari yake. Duk ruwan da ya sauka a unguwannin sama, nan yake zuwa ya tsaya. Damina na kamawa mutane ke ɗora katifu kan bulo, sauro ya yi yawa, zazzaɓi ya bi gida-gida. Kowa na gunaguni, kowa kuma na jiran wani ya yi magana.

Wata ranar Talata da la'asar, cikin watan Agusta, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Riskuwa na fama da kwashe shinkafar da ta shanya sai ta ji wata ƙara, ta kuma ji ihu daga gidan Baiwa, maƙwabciyarta mai sayar da ƙosai. Katangar ƙasa ce ta jiƙe ta faɗo wa Baiwa a ƙafa. Keke Napep ya kasa shigowa layin saboda ruwa, sai a kan ƙyauren ɗaki maza suka ɗauke ta zuwa titi. Riskuwa ta bi su a baya, zaninta jiƙe.

Da Baiwa ta dawo daga asibiti da ƙafa a ɗaure, mata suka cika ɗakinta da dubiya. Ana ta cewa Allah Ya kiyaye gaba, sai Riskuwa, wadda ba a san ta da magana cikin taro ba, ta ce, “Amin. To amma mu mi munka yi? Bana ƙafar Baiwa ta. Baɗi fa, kan ɗiyan wa za ta faɗi?”

Ita kanta sai da ta ji kunyar yadda muryarta ta fita. Amma washegari ta ɗauki mayafi ta fara shiga gidaje. Ba ta iya dogon bayani ba. Takan zauna, a gaisa, ta nuna shatin da ruwa ya bari a bango, ta ce wa matar gidan, “Ki gaya ma maigida ana son ganinai ran Asabar bayan la'asar, ƙarƙashin tsamiya.” Wasu suka yi mata dariya a bayan ido. Wasu suka ce tsohuwa ta samu siyasa. Ta je wurin Malam Abdussamadu, tsohon malamin firamare da ke jan salla a masallacin layin, ta tsuguna daga nesa ta roƙe shi ya sanar bayan salla.

“Inna Riskuwa,” in ji shi, “kin san abin da kika tono? In hukuma ta shigo, ba ta shigowa da rabi.”

“Malam, ruwa ma ba shi shigowa da rabi,” ta amsa.

Ranar Asabar mutane suka taru fiye da yadda ta zata, maza a gindin tsamiya, mata a zauren gidan Baiwa inda suke jin komai. Aka kafa ƙungiya, aka naɗa Malam Abdussamadu shugaba, aka ce Riskuwa ce bakin mata. Wanda ya fi kowa zafi ranar shi ne Tamba mai faci, wanda shagonsa ke bakin layi. Ya yi alkawarin kawo shebur da baro, ya kuma cika. Asabar bayan Asabar aka yi gayya, aka kwashe shara mai wari har mutane na toshe hanci, aka hana zubar da bola a lambatu. Sai aka sake yin ruwa, ya bi lambatun da aka share, ya isa ƙarshen layi, ya tarar da gine-gine sun tare masa hanya, ya dawo cikin gidaje kamar ba a yi komai ba.

Nan suka gane aikin ya fi ƙarfin shebur. Suka fara zarya ofishin masu kula da tsarin gari. Riskuwa ba ta taɓa shiga ofis ba. Ranar farko ta zauna a bakin benci, ta ƙanƙame jakarta, duk wanda ya wuce da takalmi mai ƙara sai ta miƙe. Aka ce su dawo. Suka dawo, aka ce mai ofishin ya yi tafiya. Kowane zuwa yana nufin ranar ba ta hura wuta ba, masu sayen shinkafarta kuma sun fara komawa wurin wasu. Nazifa, da ke karatu a kwalejin kimiyya da fasaha, ta ɗauki bidiyon layin da waya lokacin da ruwa ya kai gwiwa, ta tura wa wani shirin rediyo da ake kira a faɗi damuwar unguwa. Aka kira Riskuwa ta yi magana kai tsaye. Ta riƙe wayar da hannu biyu, ta ce, “Mu ba faɗa muka so ba. Hanyar ruwa muka so.” Daga nan ta miƙa wa Nazifa wayar.

Bayan girbi, da ƙasa ta bushe, ma'aikata suka zo da igiyar awo da gwangwanin jan fenti. Yara da manya suka fito ana murna. Murnar ba ta daɗe ba. Ma'aikatan suka bi tsohuwar hanyar ruwa suna shafa ja a jikin duk abin da ya hau kanta: katangu, bayan gida, dakali, shagon Tamba gaba ɗaya, da rumfar gumin Riskuwa.

Da yamma Tamba ya zo ƙofar gidanta, bai ko yi sallama sosai ba.

“Inna, kin ga abin da kika jawo muna? Ni da na kawo baro, ni anka fara ci. Wanga shago shi ka ciyar da iyalina. In koma ina?”

“Tamba, tawa rumfa ma an shafa mata.”

“Ke rumfa ta. Ni rayuwata ta!”

Ya juya ya tafi. Daga ranar layin ya rabu biyu. Waɗanda fenti bai taɓa ba suna son a yi aiki, waɗanda ya taɓa suna cewa gara ruwan wata uku da asarar har abada. Matan da ke shigowa gidanta hira suka ɗauke ƙafa. Wani ya aiko a gaya mata ta tuna ita baƙuwa ce daga Argungu, duk da ta fi yawancinsu daɗewa a layin. Riskuwa ta daina cin abincin kirki. Tana juya shinkafa a tamfol tana duban jan fentin nan, tana tambayar kanta ko ta cuci mutane ne. Nazifa ta ce, “Inna, ki bar su. Ki janye, kowa shi yi ta kansa.” Har ta yi niyyar haka. Ta je gidan Baiwa don ta faɗa mata, ta tarar da ita tana jan ƙafa zuwa murhu da sanda.

“In kin janye,” in ji Baiwa, “fentin ba shi gogewa, ruwan ko ba shi fasa zuwa. Ki je ki nemo ma Tamba wurin zama, shi na abin yi.”

Haka zaryar ta sauya. Riskuwa da Malam Abdussamadu suka koma ofishin, wannan karon suna roƙon a ba waɗanda aka shafa wa fenti lokaci, a kuma nuna wa masu shaguna inda za su koma. Suka bi ta wurin mai unguwa, suka bi ta wurin hakimi. Aka ƙara wa'adi, aka ba Tamba da wani mai shayi da fenti ya taɓa wuri a bakin hanyar Argungu, nesa da masu kawo masa faci. Ƙungiya ta yi alkawarin duk katangar da aka rushe za a taru a tayar da ita a sabon wurinta. Riskuwa ta kira maza suka cire kwanon rumfarta, ta mayar da murhu tsakar gida, inda hayaƙi ke cika ɗaki har idanun Nazifa su yi ja.

Motar haƙa ta zo da bazara. Ta ture abin da za ta ture, ta tona rami mai zurfi daga bakin layi har ƙarshe, magina suka fara zuba siminti. Da aikin ya kai wajen rabi sai motar ta tafi, maginan ma suka daina zuwa. Ba wanda ya yi musu bayani. Aka bar layi da buɗaɗɗen rami a ƙofar gidaje, ga yara na zuwa makaranta, ga gajimare ya fara taruwa. Wannan ne lokacin da ya fi tsananta wa Riskuwa. A da ruwa kawai take tsoro, yanzu kuwa ramin da ita ta jawo ne ke jiran ya cika. Ta sa aka shimfiɗa katako a kowace ƙofa, aka ɗaura igiya a gefe, mata suka raba aikin raka yara zuwa titi. Kullum da hantsi tana bakin ofis a kan bencin nan, har masu gadi suka san ta suna ce mata Inna Lambatu. Ta daina miƙewa in ta ji takalmi.

Ruwan farko ya sauka da azahar, kafin maginan su dawo. Riskuwa ta tsaya a zaure da mayafi a ka, tana kallon ramin yana cika da jan ruwa, tana ƙwala wa maƙwabta kira su riƙe yaransu. Gefen da ba a yi wa siminti ba ya fara zaftarewa, dakalin wani gida ya zame ciki. Amma ruwan bai tsaya ba. Ya yi ta gudu da ƙara, ya wuce ƙarshen layi ya nufi fadama. Da aka ɗauke, tsakar gidaje da yawa laka ce kawai, ba wanda ya ɗora katifa kan bulo. Ba yaron da ya faɗa. Riskuwa ta zauna a ƙasa cikin zaure.

Maginan sun dawo cikin daminar, suka ƙara ɗan tsawo, suka sake tafiya. Har yanzu ƙarshen lambatun ƙasa ne, ƙungiya ke tare shi da buhunan yashi, kuma har yanzu suna zuwa ofis. Katangu biyu ba a tayar ba tukuna. Tamba na faci a sabon wurinsa, ciniki bai koma yadda yake ba. In Riskuwa ta wuce a Keke za ta Zauro takan ɗaga masa hannu, wani lokaci ya amsa, wani lokaci ya sunkuyar da kai kan tayar da yake gyara.

Kwanan baya wasu mata daga wata unguwa da ke bayan kasuwa suka zo gidanta. Su rijiyar burtsatse ce ta lalace musu, bola kuma ta cinye rabin hanyarsu, suna son ta gaya musu yadda ake farawa. Ta shimfiɗa musu tabarma a gefen da hayaƙi bai kai ba.

“Ku fara sanin wa za a taɓa,” ta ce musu. “Ku je gidanai tun kafin ku je ofis. Ni ban yi haka ba.”

Sannan ta tambaye su ranar da mazansu ke zama gida.