Tsakar Gidan Baba Ajadi

Duk Ogbomosho, in ana son daɓe ya kwanta lebur, Baba Ajadi ake nema. Shekara talatin yana wannan aiki da katako guda da ido guda, don ɗayan rufe shi yake yi in zai duba. In ya gama sai ya sheƙa bokitin ruwa a tsakiyar ɗaki, ya harɗe hannu. Ruwan ya rasa inda zai nufa, ya tsaya cak. Ko baƙunci ya je, tuwon amala na gabansa, idonsa na ƙasa yana neman laifin maginin gidan.

Amma tsakar gidansa, Allah ya kyauta. Tudu nan, kwari can, kuma duk ruwan wanki da na sama ƙofar kicin ɗin matarsa yake sauka.

"Baba Sikira, sai yaushe?" haka take tambaya.

"Bayan damina, Iya Sikira."

Ƙarshen daminar bana santsi ya kwashe ta da tukunyar miya a hannu. Ba ta yi faɗa ba. Ta ɗaure kayanta kawai.

"Na tafi Ilori wurin 'yata Sikira. In gwanin gari ya samu lokacin gidansa, a aiko mini."

Ajadi ya tsorata ƙwarai, don bai taɓa kwana bakwai babu muryarta ba. Kwana huɗu yana durƙushe, yana cike kwari yana aske tudu. Ya sheƙa bokiti, ruwa ya tsaya. Ya aika Ilori har sau biyu.

Ta dawo bayan sati uku, ta taka daɓen, ta gyaɗa kai. Sai ta leƙa gefen kicin. Shuwaka da barkonon da take shukawa tun Sikira na goye, waɗanda wancan ruwan banzan ke shayarwa, duk sun yi yaushi.

"To, sarkin aiki, ka kashe mini miya."

Ya tsuguna ya taɓa ganyen.

Washegari da safe ta ji ƙwanƙwasa. Ga Ajadi da guduma, yana sare 'yar hanyar ruwa a cikin sabon daɓensa, a karkace, har gindin shuwaka. Kamar zai yi kuka.

"Kada ki gaya wa kowa," ya ce.

Ta ajiye masa koko a gefe, ta zauna tana kallonsa. Kafin azahar duk unguwa ta ji.