Saloma Da Ta Ci Tuwo Da Hagu

Kullum idan Saloma ta gama sharar ɗakin marasa lafiya a asibiti, ba gida take nufa ba. Sai ta ɗauki fulas ɗin kunun gyaɗa ta bi gidaje a yankunan Rikoto da Dabai, wurin waɗanda aka sallama bayan shanyewar ɓarin jiki. Ba wanda ya aike ta. Bana ta ajiye aiki, ko sannu ba a tara mutane an yi mata ba, kuma wannan yana ƙona mini rai.

Ku tambayi mutanen Dabai labarin Baba Ɗanjuma, tsohon soja. Ciwon ya kashe masa hannun dama. Aka dawo da shi gida, 'yan dubiya suka yi ta tururuwa, kowa da addu'arsa. A ajiye masa tuwon dawa a gabansu, ya kalle shi ya ce ya ƙoshi. Su kuwa sai su ɗauke kwano! Mutum yana ramewa har wando ya daina zama a ƙugunsa, gida cike da masu ido, amma aka rasa mai tambayar dalili. Wai ciwo ne ke cin sa. Wane ciwo? Yunwa ce tsagwaronta.

Saloma ta zo ta zauna, ta lura da yadda yake ɓoye hannun hagu a ƙarƙashin mayafi. Nan ta gane. Dattijon da ya yi rayuwarsa yana tsawata wa yara kan ci da hagu ba zai yi shi a gaban surukai ba, gara ya mutu.

Ta ce wa matarsa Gladys, "Mama, tuwon ga ya yi tauri. Ki sassauta shi, ki sa wake da ƙwai a miya."

Da aka kawo, ta maida hannun damanta baya, ta yanko loma da hagu a gaban kowa, miya tana bin gwiwar hannunta. Wata suruka ta kama baki.

Saloma ta ce, "Mi kuke kallo? Baba Soja, taya ni, kar in ji kunya ni ɗaya."

Ya dube ta. Sannan ya fito da hannun hagun, ya kai loma baki. Gladys ta juya tana share hawaye. Yau Baba yana takawa da sanda har bakin hanya.

Saloma, ke ce mai ganin abin da dangi suka tsallake. An yi gulmarki, an ce ba ki da tarbiyya, kika toshe kunne. Mun gode, Allah Ya saka miki.

Ku kuma masu zuwa dubiya, addu'arku tana da kyau, amma ba ta cika ciki. Idan majinyaci ya ce ya ƙoshi, kada ku yi saurin ɗauke kwanon. Ku wanke hannu ku zauna.