Amsar da Dakta Yake Bi Na

A shekarar da aka yi ƙidayar jama'a, wadda rana ta yi husufi a cikinta, ina masinja a wani sashe na jami'a a Samaru. Akwai wani malami Ba'indiye a wurinmu, Dakta muke ce masa, ya daɗe a Zariya har Hausa ta zauna a bakinsa. Yana da wasu tambayoyi da aka gwada a kan ma'aikatan ƙasarsu, na auna yadda zuciyar mutum ta kama aikinsa. So yake ya ga ko za su yi amfani a kan mutanenmu. Da faɗuwar damina zai koma gida, in bai gama ba wahalarsa ta tashi a banza.

Da ni ya fara. "Malam, kana jin daɗin aikinka?"

Na ce, "Alhamdu lillahi."

Ya ce, "Ban samu amsa ba. Ina bin ka bashinta."

Na kwafe tambayoyin da ajami, don da shi idona ya saba, muka shiga Sabon Gari. Teloli, masu gyaran babur, 'yan dako a unguwar PZ, kowa amsarsa guda: aiki da godiya. Wani tela mun same shi yana zagin kekensa, muna tambaya ya ce, "Mun gode Allah." Wata Kirista mai injin niƙa ita ma godiyar Ubangiji ta ba mu. Dakta ya dafe kai, ya ce ma'aunin da ke ba kowa nauyi ɗaya bai auna komai ba.

Na gaya masa a wurinmu kushe abin da kake ci da shi butulci ne. Sai ya ce to mu bar tambayar zuciya, mu tambayi abin da ya faru jiya, don wanda aiki ya kama wa zuciya har abinci yakan manta.

Muka koma. "Jiya abincinka ya huce kana kan aiki?"

Telan ya kwashe da dariya. "Ni? Tun hantsi nake jiran ladan in samu in miƙe!" Allah ya shirye shi.

Mai niƙan kuwa ta ce, "Baba, sai da yara suka zo neman tuwo na san yamma ta yi."

Amsoshi suka rarrabu, Dakta ya kammala kafin ruwa ya sauka.

Ranar tafiyarsa na raka shi tasha. Ya leƙo ta tagar mota. "Malam, bashina fa?"

Na ce, "Dakta, tun da muka fara yawon nan, kunun da uwargida ke dama mini sai ya yi sanyi nake tunawa da shi."

Ya miƙo mini hannu. "Ka biya."