Kwat ɗin Maƙwabcina a Hannun Mabuga

A bazarar da aka aurar da 'yar maƙwabcina, kwana tara na yi ban samu natsuwa ba, duk a kan riga ɗaya.

Maƙwabcin nan Kirista ne, mutumin Filato, makanikin injin ban-ruwa. Mun fi shekara ashirin muna katanga ɗaya. Matarsa ta rasu tun yarinyar tana ƙarama, saboda haka a tsakar gidana ta tashi tare da 'ya'yana. Da aka sa ranar aurenta, ya same ni a zaure da leda a hannu.

"Malam, dangin ango sun shirya dina a birni, da yamma. Kai za ka yi magana a madadin iyayen yarinya. Sai dai sun ce duk wanda zai zauna a babban tebur, sai da baƙar kwat." Ya miƙo ledar. "Tawa ce, da ita aka ɗaura mini aure. Ni yanzu tumbi ya hana, na ɗinka sabuwa."

Na karɓa da hannu biyu. Ban taɓa sa kwat ba tun da Allah Ya yi ni.

Bayan azahar na gwada ta. Kafin in ɓalla maɓalli na biyu gumi ya jiƙa mini baya. Mai ɗakina ta leƙo, ta riƙe haɓa.

"Malam, sannu da shari'a. Wa za ka kare yau?"

Dariyarta ba ta dame ni ba. Abin da ya dame ni, na ja hannun rigar don in ga ko zai kai gwiwar hannu, ya ƙi wuce tsintsiya. Magariba kuwa a tsakiyar taron za ta same mu. Ga kuma warin akwati, ga tamoji.

A wajenmu ba a shiga babban taro da riga sai an sa mata sitaci an kai ta bugu. Ni da kaina na hau babur na kai ta Kura, wajen mabuga. Mabugin ya juya ta, ya matsa kafaɗar.

"Baba, wannan fa ba shadda ba ce."

"Ka dai buga. Rigar girma ce."

Ya buga. Da na koma, kafaɗun sun mutu, maɓallai uku sun farfashe, shafin ciki ya yage, hannun dama ya tsage tun daga hamata. Wani wuri ƙyalli, wani wuri toka-toka. Na yi salati na naɗe ta.

Daga ranar na rasa wurin zama. In buɗe wa shinkafa ruwa, in manta ban toshe ba. Jawabin da zan yi na rubuta shi da ajami sau uku ina yagawa. In na hango maƙwabcina a bakin shagonsa, sai in bi ta bayan masallaci.

Na kai wa wani tsohon tela. Ya ce gyara ba zai yiwu ba, amma zai cire hannuwan da shafin, ya mayar da ita falmaran, ya ɗinka mini kaftani na baƙin boyel mara nauyi in sa a ciki. Har ya ɗauki almakashi, na riƙe masa hannu. Amana ce aka ba ni. Na riga na yi ɓarna ɗaya ba da sanin mai ita ba, ba zan ƙara ta biyu ba.

Na sami maƙwabcina ya kwance wani inji, hannu duk baƙin mai. Na shimfiɗa rigar a kan benci, na faɗa masa komai. Ya daɗe yana kallonta.

"Bugu, Malam? Da gudumar itacen nan?"

"Da ita."

Ya yi 'yar dariya. Ya goge hannu da tsumma, ya shafa wuyan rigar da bayan yatsa.

"Uwar yarinyar ce ta zaɓa mini ita."

Ban san wannan ba. Na ji kamar in nutse. Na ce ya yafe mini, ya ɗaga hannu.

"A yanke. Ta dai halarci auren 'yarta. Amma hannuwan a dawo mini da su."

Haka na shiga dinar, kaftani da falmaran da hula. Mai tsaron ƙofa ya dube ni sama da ƙasa, maƙwabcina ya kama hannuna har babban tebur. Da aka kira magariba na fita, na naɗe hannun riga har gwiwa na yi alwala, alhamdu lillahi. Jawabin ma na karanta shi.

Falmaran ɗin tana wajena, ya ƙi karɓa. Hannuwan biyu suna akwatinsa. Bai taɓa tayar da maganar ba, amma har yau in na bi ta Kura na ji ƙarar bugu, sai in ƙara wa babur wuta.